Me Ya Sa Ma'aikaci Ke Son Zaɓen Na'urarsa?

A shekarar 2015 kamfanin IBM na Amurka ya bai wa ma'aikatansa zaɓi: kowa ya ɗauki kwamfutar da ransa ya fi so, Mac ta kamfanin Apple ko mai Windows. Kamfanin da ya fito da kwamfutar PC a 1981 ne fa yake raba kayan Apple, tsohon abokin hamayyarsa.

Dalilin a fili yake. Hannu yana sabawa da kayan aiki. Magatakardan da yatsunsa suka haddace maɓallai, in aka sauya masa na'ura sai ya koma ɗan koyo: ya je kwafe rubutu, ya danna wani abu daban. Irin wannan ƙaramin haushi, kullum kullum, shi ke rage wa mutum jin daɗin aiki.

Sai dai ofis yana tsoron satar bayanai. Misali, da Barack Obama ya hau mulkin Amurka a 2009, ya ƙi rabuwa da wayarsa BlackBerry. Jami'an tsaro suka bar masa ita, amma sai da suka ƙara mata kariya, suka kuma taƙaita mutanen da za su iya aiko masa da saƙo.