Cin amanar aure: Labaran da ke bayan wasu tsofaffin waƙoƙin Turawa

A watan Maris na 2024, wata dattijuwa ƴar Birtaniya, Pattie Boyd, ta kai tsofaffin wasiƙu da hotunanta gidan gwanjo na Christie's da ke Landan. Kayan sun tashi a kan kuɗi sama da fam miliyan biyu.

Cikin wasiƙun akwai waɗanda mawaƙi Eric Clapton ya aika mata a ɓoye tana matar aure. Mijinta a lokacin shi ne George Harrison na ƙungiyar Beatles, aminin Clapton.

Daga wannan soyayya aka samu ɗaya daga cikin waƙoƙin rock mafiya shahara a duniya. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Yawancin waƙoƙin cin amana da suka daɗe a bakin mutane suna da abu ɗaya: ba sa ɓoye cewa akwai wanda ya kwana a ciki.

Layla: Son matar amini

Clapton ya fitar da "Layla" a 1970 tare da ƙungiyar Derek and the Dominos. Sunan ya samo asali ne daga labarin Laila da Majnun, wanda mawaƙin Farisa Nizami ya rubuta a ƙarni na 12, na saurayin da ya zauce saboda an hana shi wadda yake so.

Wani abokinsa, Ian Dallas, wanda ya musulunta, shi ya ba shi littafin. Clapton ya ga kansa a cikin Majnun, ya zuba kukansa a kan jita.

Haƙarsa ta cimma ruwa. Auren Pattie da Harrison ya mutu a 1977, ta auri Clapton a 1979. Sai dai ramin mugunta, a gina shi gajere. Clapton ya haifi ƴaƴa biyu da wasu mata yana tare da ita, ga shaye-shaye, auren ya ƙare a 1989.

Norwegian Wood: Ikirari a lulluɓe

A 1965 Beatles suka saki "Norwegian Wood" a kundinsu na Rubber Soul. Waƙar tana ba da labarin wani da ya bi wata budurwa ɗakinta, suka raba dare suna hira, da safe ya tashi ba ya ganta.

Shekaru daga baya John Lennon ya amsa cewa wata alaƙa ce da ya yi a bayan idon matarsa Cynthia, kuma da gangan ya dagula kalmomin don kada ta gane.

Masana kiɗa suna tuna waƙar saboda Harrison ya kaɗa sita a cikinta, kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya. Ita kuwa Cynthia, duniya ta yi ta rera sirrin gidanta. Sun rabu a 1968.

You Make Loving Fun: Miji na kiɗa, mata na yabon wani

Lokacin da ƙungiyar Fleetwood Mac ke naɗar kundin Rumours, wanda ya fito a 1977, auren Christine McVie da John McVie ya riga ya tsinke, amma dole su shiga ɗakin naɗi ɗaya kullum.

Christine ta rubuta wannan waƙa ne kan sabon masoyinta, mai kula da fitilun dandalin ƙungiyar. Don a zauna lafiya, ta ce wa John da karenta take. Haka John ya kaɗa jitarsa a waƙar da ke yabon wanda ya maye gurbinsa.

Kundin ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara a 1978.

Jolene: Matar gida na roƙo

Dolly Parton ta juya lamarin a 1973. A "Jolene", matar gida ce ke magana, kuma ba zagi take yi ba. Roƙon wata kyakkyawa take yi ta bar mata mijinta, a ƙasar da doka ba ta san kishiya ba, inda shigar wata ke nufin fitar wata.

Parton ta sha faɗa cewa wata ma'aikaciyar banki mai jan gashi ce ta riƙa yi wa mijinta Carl Dean fari da ido. Sunan kuwa ta aro shi daga wata yarinya da ta nemi ta sa mata hannu a takarda.

Nata auren ya tsira. Sun zauna tun 1966 har rasuwar Dean a watan Maris na 2025. Da Beyoncé ta sake rera waƙar a 2024, sai ta mayar da roƙon ya zama gargaɗi.

Long Black Veil: Gara igiya da tonon asiri

Danny Dill da Marijohn Wilkin suka rubuta wannan waƙa a 1959, Lefty Frizzell ya fara rera ta, daga baya Johnny Cash da Joan Baez da ƙungiyar The Band suka ɗauka.

Mamaci ne ke ba da labari daga kabari. An zarge shi da kisan da bai yi ba, alƙali ya nemi ya faɗi inda yake a daren. Ya yi gum, domin yana tare da matar babban amininsa.

Aka rataye shi, matar na cikin ƴan kallo ba ta ce uffan ba. Tun daga nan take zuwa kabarinsa da dare cikin baƙin mayafi.

Matty Groves: Tun zamanin kakanni

Wannan waƙar gargajiya ta Birtaniya ta kai aƙalla ƙarni na 17. Ita ce ta 81 cikin waƙoƙi 305 da Farfesa Francis James Child na Jami'ar Harvard ya tattara.

Matar wani basarake ta gayyaci wani saurayi gida mijinta ba ya nan. Bara ya kai tsegumi, maigida ya dawo ya same su. Ya miƙa wa kwarton takobi, ya ba shi damar fara sara, sannan ya kashe shi. Da matar ta ce har yanzu gawar ta fi mata shi, ita ma ya soke ta.

Ƙungiyar Fairport Convention ta raya waƙar da jitar lantarki a 1969, da muryar Sandy Denny.

Wa ya biya bashin?

Tsakanin Matty Groves da Layla akwai sama da shekara 300, kayan kiɗa sun sauya, amma lissafin bai sauya ba. Wani ya rasa rai, wata ta rasa gida, wani ya rasa amini.

Bambancin shi ne, mutanen waƙoƙin gargajiya ba a san ko sun taɓa rayuwa ba. Na waƙoƙin rock kuwa mutane ne masu rai, da suka riƙa jin labarinsu a rediyo ba tare da an nemi izininsu ba.

Cynthia Lennon da Pattie Boyd duk sun rubuta littattafai daga baya, kowacce ta faɗi yadda abin ya kasance daga nata ɓangaren. Kafin su yi hakan, duniya ta shafe shekaru da dama tana jin bakin mazan kaɗai.