Yadda Na'urori Ke Jin Girgizar Ƙasa Daga Nesa

Daga Wakilinmu na Arewa

Da ƙarfe 2 da minti 17 na daren Litinin, ran 6 ga watan Fabrairu, 2023, agogon Nijeriya, ƙasa ta yi mummunar girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, kusa da birnin Gaziantep. Mutum fiye da 50,000 suka riga mu gidan gaskiya. Mai barci a Agege ko a Sabon Ibadan bai ji kome ba, amma kuwa motsin ya iso ƙarƙashin shimfiɗarsa tun ba a cika minti 10 ba. Jikin ɗan Adam ba ya jin irin wannan ɗan motsi, sai na'ura.

Ita na'urar auna girgiza ba ta da wuyar ganewa. Ana kafa ta bisa dutse, a rataye wani ƙarfe mai nauyi a cikinta. In ƙasa ta motsa, akwatin zai bi ta, shi kuwa ƙarfen, saboda nauyinsa, sai ya yi jinkiri. Wannan bambanci shi ake rubutawa. Dā alƙalami ke zana shi bisa takarda mai juyawa, yanzu kuwa kwamfuta ke ɗauka. Tun 1889 aka fara ganin haka, sa'ad da wata na'ura a Potsdam ta ƙasar Jamus ta kama girgizar da aka yi a Japan.

To, yaya ake sanin inda abin ya faru? Masu karatu da suka saba da hanyar Ikko zuwa Kano za su gane nan da nan. In ƙaramar mota da gingimari suka bar tasha tare, a Ibadan ratar da ke tsakaninsu kaɗan ce, amma kafin Kaduna ta yi nisa ƙwarai. Haka girgiza take aiko manzanni biyu ta cikin ƙasa. Na farko, wanda masana ke kira P, shi ne mai sauri. Na biyu, watau S, yana biye a baya. Daga Gaziantep zuwa ƙasar Bauchi, tafiyar kilomita fiye da 4,000, na farko yana bukatar kamar minti 7, na biyu kamar minti 13. Wannan rata ita ce ke faɗin nisan wurin. Bayansu kuma sai masu bin bayan ƙasa su iso a hankali, su ne suka fi cika takarda da zane.

Amma tasha ɗaya nisa kawai za ta sani. Sai an haɗa labarin tasha uku ko fiye, a zana wa kowace da'ira bisa taswira, inda suka haɗu nan ne cibiyar girgizar. Shi ya sa ƙasashe ke musayar abin da na'urorinsu suka ɗauka, cikin 'yan mintoci a san wurin da ƙarfinta. Ta Turkiyya an auna ta 7.8. A ganina babban amfanin aikin ke nan, don masu kai agaji su san inda za su dosa ko da waya ta yanke.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A Toro ta Jihar Bauchi akwai cibiyar da ke kula da irin waɗannan tashoshi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Kada a ce abin na mutanen nesa ne kawai: ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, ko da yake duk ƙanana ne.

Sai dai jama'a su lura, na'urar nan ba ta duba. Abin da ya riga ya faru take rubutawa, saboda haka duk wanda ya zo muku da labarin wai masana sun sa ranar girgiza, ku yi watsi da shi. A Turkiyya ɗin ma, bayan kamar sa'a 9 wata girgizar mai ƙarfin 7.5 ta sake aukuwa, ba kuwa na'urar da ta faɗi lokacinta kafin ta zo.