Sabunta Kayan da ke Cikin Rumbun Bayanai

Ma'aikatu da jami'o'i suna tsare sunayen ma'aikata da lissafin albashi da sakamakon jarrabawa a rumbun bayanai na kwamfuta. Akwai manhajar da ke kula da wannan rumbu, tamkar magatakarda a ɗakin ajiyar fayil. Lokaci-lokaci akan sauya ta da sabon samfuri. To, a nan ne mutane da dama ke zaton aiki ya ƙare, alhali kuwa rabinsa aka yi, domin kayan da ke ciki tsohuwar manhaja ce ta tsara su bisa ƙa'idarta.

Kayan nan iri uku ne. Akwai jadawalin da rumbu ke rubuta bayanin kansa, watau wa ke da izinin karatu, wa ke da izinin gyara. Akwai ajiyayyun umarni, irin wanda ke lissafa haraji kowane wata. Sannan akwai fihirisa, wadda ke jera sunaye bi da bi don a sami mutum da sauri.

Fihirisa ta fi haɗari, domin kuskurenta shiru yake yi. A ɗauka tsohon magatakarda bai bambanta D da Ɗ ba, ya jera Dahiru, Ɗanladi, Dauda. Sabon da ya gaje shi kuwa ya san Ɗ harafi ne mai zaman kansa, sai ya nemi Ɗanladi a bayan Dauda. Ba zai gan shi ba. Daga nan ko dai ya ce babu wannan ma'aikaci, albashi ya tsaya, ko kuwa ya buɗe masa fayil na biyu.

Irin wannan ya auku a 2018, sa'ad da aka fitar da glibc 2.28, wadda kwamfutoci masu Linux ke dogara da ita wajen jera haruffa. Ƙa'idar jerin ta sauya ƙwarai, ya zama tilas masu amfani da PostgreSQL su sake gina fihirisar rubutu da umarnin REINDEX. Su kuwa masu MySQL, sun daɗe suna gudanar da mysql_upgrade da hannu bayan kowane sabuntawa don daidaita jadawalin rumbu, har zuwa 2019, lokacin da samfuri na 8.0.16 ya soma yin aikin da kansa. A Oracle kuma akan sake harhaɗa umarnin da suka daina aiki da utlrp.sql.

Saboda haka tsarin aikin shi ne: a fara kwafe rumbu duka a adana, a gwada sabuntawar a kan wani kwafi, sannan a daidaita jadawali, a sake gina fihirisa, a kuma ƙidaya sunaye kafin aiki da bayansa. Shugaban ofis ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya tambayi ma'aikatansa ko an yi waɗannan. Hausawa dai sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.