Hular Kwano Ba Laya Ba Ce: Faɗakarwa ga Masu Koyon Ƙwallon Amurka

Tun da gajerun bidiyoyin wasan ƙwallon Amurka suka fara yawo a Facebook da TikTok, waɗanda galibinsu ba sa nuna komai sai lokacin da wani ƙato ya sheƙo a guje ya yi karo da ɗan'uwansa har ƙafafunsa suka bar ƙasa, wata gurguwar fahimta ta samu gindin zama a zukatan matasa da yawa, wato cewa wasan ba shi da wata doka sai karo, kuma hular kwano da sulken kafaɗa da 'yan wasa ke sanyawa sun ɗauke musu kowane irin haɗari. Kashin farko na wannan fahimta rashin sani ne mai sauƙin magani. Kashi na biyu kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba, domin yaron da ya yarda da shi har ya aro hular ɗan acaɓa ya fita fili yana tunkuyin abokansa yana iya ƙarewa a kan keken guragu, kuma abin takaici shi ne manyan da ke tsaye suna kallo sukan ɗauki hakan a matsayin jarumtaka.

Dokokin wasan na asali ba su da wuyar kamawa. Ana yin sa ne tsakanin ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa 11 kowace, a fili mai tsawon yadi 100 da faɗin yadi 53 da ɗan ɗoriya, sannan akwai ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe wanda shi ne yankin cin maki. Yadin nan kuwa shi ne dai wanda tela ya sani, kimanin santimita 91. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu domin ta ci gaba da aƙalla yadi 10, ko dai ta hanyar rungumar ƙwallon a gudu da ita ko kuma jefa ta ga abokin wasa, kuma kowane yunƙuri yana ƙarewa ne idan an kayar da mai ƙwallo, ko ya fita daga fili, ko jifar ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe. Idan ta cika yadi goman sai a sake ba ta wasu yunƙuri huɗu, idan kuma ta gaza sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a daidai wurin da aka tsaya, wanda shi ya sa a yunƙuri na huɗu ƙungiyoyi sukan gwammace su buga ƙwallon da ƙafa ta yi nisa domin abokan hamayya su faro daga can baya. Shiga yankin cin maki da ƙwallo a hannu, abin da ake kira tacdawun, yana ba da maki 6, sannan a biyo da damar ƙarin maki 1 ta hanyar bugu ko maki 2 ta hanyar sake kutsawa. Bugun da ya ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu na ƙarshen fili daga cikin fili yana ba da maki 3, masu tsaron gida kuma suna samun maki 2 idan suka kayar da mai ƙwallo a cikin yankinsa na kansa.

Lokacin wasa minti 60 ne da aka raba gida huɗu, minti 15 kowane, amma saboda yawan tsayar da agogo wasan ƙwararru yakan ci kimanin sa'o'i uku. Jagoran masu kai hari shi ne kwatabak, wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri ya miƙa ta ko ya jefa ta, yayin da ƙarti biyar ke tsaye a gabansa suna tare masa hanya. An yarda a jefa ƙwallo gaba sau ɗaya tak a kowane yunƙuri, daga bayan layin da aka faro, kuma wannan ne babban abin da ya raba wasan da zari-ruga, inda ba a jefa ƙwallo gaba da hannu ko kaɗan, ko da yake mutane da yawa suna haɗa wasannin biyu da suna ɗaya. Alƙalan wasa bakwai ne ke sa ido a gasar ƙwararru ta NFL, wadda aka kafa a 1920 kuma take da ƙungiyoyi 32 a yau, suna jefa ƙyalle rawaya a ƙasa idan an yi laifi, hukuncin kuma yakan kasance asarar fili: yadi 5 ga wanda ya yi riga-malam-masallaci kafin a fara yunƙuri, yadi 10 ga mai kai hari da ya riƙe abokin hamayya, yadi 15 ga wanda ya yi keta.

Maganar hular kwano ita ce ke buƙatar dogon bayani, kuma tarihin wasan da kansa ya isa ya rushe tunanin cewa kayan kariya ne ke hana mutuwa. A shekarar 1905 jaridun Amurka sun ƙirga aƙalla 'yan wasa 18 da suka rasa rayukansu, a shekarar ce kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton ya matsa musu lamba su gyara wasan, kuma gyaran da aka yi a 1906 ya shafi dokoki ne, ciki har da halatta jifa gaba domin a warwatsa 'yan wasa su daina cunkushewa a wuri ɗaya suna tattake juna. Sanya hula bai zama dole a wasan jami'o'i ba sai a 1939, a gasar NFL kuma sai a 1943. Bayan da hular roba mai tauri ta maye gurbin ta fata, aka kuma ƙara mata ƙarafan kare fuska, sai 'yan wasa da masu horar da su suka ga ai sun samu makami, suka riƙa sunkuyar da kai suna cakar abokin hamayya da tsakiyar hular, sakamakon haka kuma karyewar wuya da shanyewar jiki suka yawaita har sai da hukumomin wasan jami'o'i da na makarantun sakandare suka haramta wannan salo a 1976, daga nan ne adadin masu shanyewar ya ragu sosai. Ke nan hular da aka yi domin kariya ta zama sanadin wani sabon rauni a hannun waɗanda suka ɗauke ta laya, kuma doka ce ta zo ta rage ɓarnar.

Dalilin hakan yana cikin halittar ɗan'adam. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, ba a ɗaure take da ƙashi ba, saboda haka idan kai yana tafiya da gudu ya tsaya kwatsam, ko aka fizge shi gefe, ita takan ci gaba da tafiya ta bugu da bangon ƙoƙon ko ta murɗe. Misalinta kamar curin fura ne a cikin ƙwaryar nono: ko da an naɗe ƙwaryar da bargo bakwai domin kada ta fashe, idan aka girgiza ta da ƙarfi curin zai daki gefenta. Hular kwano tana yin aikin bargon ne, tana hana fashewar ƙoƙon kai da tsagewar fata, tana kuma rage ƙarfin dukan, amma ba ta da ikon tsayar da motsin da ke faruwa a ciki, wanda shi ne ke haifar da girgizar ƙwaƙwalwa, wato rikicewar aikinta bayan bugu. Wuya ma haka abin yake, domin idan mutum ya sunkuyar da kai ƙasusuwan wuyansa sukan jeru a miƙe, sai dukan ya sauka a kansu kai-tsaye maimakon tsoka ta shanye shi, ƙashi ya murƙushe ya taɓa laka. Kamfanonin da ke ƙera hulunan da kansu suna manna musu gargaɗin cewa babu hular da za ta hana dukkan raunin kai da wuya, amma mai kallon bidiyon daƙiƙa goma ba ya ganin wannan rubutu, haka kuma ba ya ganin motar asibitin da ke jira a bakin fili.

Akwai kuma raunin da ba ya bayyana sai bayan shekaru. A 2002 wani likita ɗan asalin Najeriya mai binciken gawa a birnin Pittsburgh, Dakta Bennet Omalu, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Steelers da ya lashe kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, sau huɗu ya kuma rasu yana da shekara 50 bayan fama da ruɗewar tunani, ya gano wata cuta ta lalacewar ƙwaƙwalwa da ake taƙaita sunanta da CTE, wadda a da aka fi saninta ga 'yan damben zamani. Ya wallafa bincikensa a 2005, likitocin da ke aiki da NFL suka ƙaryata shi har suka nemi a janye rubutun, sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a bainar jama'a cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka ba da rahoton samun cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL da suka duba. Adalci ne a faɗa cewa iyalan da suka ga alamun ciwo a jikin mamatansu su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar domin bincike, don haka adadin ba ya nufin kusan kowane ɗan wasa yana da cutar. Sai dai dukkan waɗannan mutane sun yi wasa ne sanye da hulunan da suka fi na kowa inganci a zamaninsu, a ƙarƙashin kulawar likitoci. Wanda ya san wannan kuma ya bar yara suna karo da kai a filin unguwa, inda ko akwatin magani babu, ya ci amanar da aka ba shi. 

Hanyar koyo mai hankali tana farawa ne daga kallo. Kakar NFL tana gudana daga Satumba zuwa Janairu, a yi wasan ƙarshe a Fabrairu, kuma wasannin farko na ranar Lahadi sukan fara da misalin ƙarfe shida ko bakwai na yamma a agogon Najeriya da Nijar. Mai koyo ya kalli cikakken wasa ɗaya daga farko har ƙarshe, ya sa ido a kan lambobin da ke ƙasan allo masu nuna yunƙuri na nawa ake ciki da yadi nawa suka rage, da kuma layin rawaya da gidan talabijin ke zanawa a kan hoto domin nuna inda ake son kaiwa, wanda babu shi a ainihin fili. Idan ya saba da wannan, sai ya daina bin ƙwallo da ido na ɗan lokaci ya lura da yadda masu tare hanya ke amfani da hannu da ƙafa, zai ga cewa mafi yawan aikin lissafi ne da tsari, karon da ake yaɗawa kuwa ɗan ƙaramin yanki ne.

Wanda ke son taɓa ƙwallo da hannunsa ya fara da nau'in da ba a kayar da kowa, wanda ake rataya ƙyallaye biyu a ƙugun kowane ɗan wasa, cire ƙyalle ɗaya kuma ya tsaya a matsayin kayarwa. Ana yin sa da mutum biyar-biyar a ƙaramin fili, ba ya buƙatar hula ko sulke, yana koyar da jifa da cafewa da lissafin yunƙuri gaba ɗaya, kuma ba wasan raini ba ne tunda an sanya shi cikin gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Babu laifi ga wanda ya makara wajen fara wasan karo, domin Christian Okoye, haifaffen Inugu, bai fara ƙwallon Amurka ba sai da ya je karatun jami'a a Amurka yana ɗan wasan jifa, amma a 1989 shi ne ya fi kowa yawan yadin gudu da ƙwallo a NFL. Idan har za a shiga wasan kayarwa, to ya kasance a hannun ƙwararren mai horarwa, da kayan da aka ƙera domin wasan kuma suka dace da girman mai sanya su, a haɗa yara da tsararrakinsu a shekaru da nauyi, a kuma koyar da su ɗaga kai su ga abin da za su kama, su sa kafaɗa su rungume da hannu biyu, kai yana gefe. Mai horarwar da ke yaba wa yaro saboda ya yi tunkuyi bai cancanci a ba shi 'ya'yan mutane ba.

Wajibi ne iyaye da malamai da abokan wasa su san alamun girgizar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka haɗa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ruɗewa, manta abin da ya faru, gani dishi-dishi da ƙin haske, tare da sanin cewa mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma, saboda haka tashin yaro tsaye ba hujja ba ce ta lafiyarsa. Duk wanda aka yi zargin ya samu wannan rauni a fitar da shi daga wasa a take, kada ya koma a wannan rana ko da ya rantse ya warke, kuma kada ya koma daga baya sai likita ya duba shi ya amince, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama murmurewa ba yana iya zama ajali. Idan ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko ya fara jijjiga kamar mai farfaɗiya, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Wanda kuma ya faɗi yana kukan wuya, ko ya ce hannu ko ƙafarsa sun mutu, kada a yayyafa masa ruwa a ciccibe shi kamar yadda aka saba, kada a cire masa hula, kada a kira mai ɗori. A riƙe kansa daidai yadda yake har ma'aikatan lafiya su iso.