Kilomita 42 Ba A Fara Su Da Gaggawa

Tun daga 2016, galibi a watan Fabrairu, dubban mutane kan yi sammako domin gudun fanfalaki na Legas. A shekarun baya sukan tashi daga Babban Filin Wasa na Surulere, su ratsa gadar Third Mainland su ƙare a Eko Atlantic, tazarar kilomita 42 da mita 195. 'Yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtukan, amma akasarin jama'ar ba don kyauta suka fito ba. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, burinsu su kai ƙarshe da ƙafafunsu.

Mai sha'awar shiga sahunsu, wanda rabonsa da gudu tun yana sakandare, kuskurensa kusan kullum iri ɗaya ne. Zai sayi kambas, ya fita bayan sallar asuba, ya zura da gudu sai ka ce an biyo shi. Kafin mako uku ƙwauri ya fara zugi, gwiwa ta kumbura, takalmi ya koma ƙarƙashin gado.

Ba ragwanci ne ya kayar da shi ba. Sassan jiki ne ba sa sabawa da wahala lokaci guda. Zuciya da tsoka suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni haki ya ragu, mutum ya ji kamar zai iya ninka tafiyarsa. Ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa kuwa sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwari, alhali duk taku ɗaya ƙafa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Numfashi na cewa a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. A wannan tsakanin ne ake samun ciwon agara da 'yar tsagewar ƙashi, wadda kan zaunar da mutum makonni.

Shi ya sa tsarin da hukumar lafiya ta Birtaniya ke bai wa sababbin shiga ya fara da abin da wani zai raina: sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa, sau uku a mako. Sai bayan mako tara ake sa ran mutum ya yi rabin awa bai tsaya ba. Daga nan ne ma ake fara maganar dogon zango, wanda shirinsa kan ci wata huɗu zuwa biyar. Ma'aunin sauri kuwa ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan ba ka iya hira da abokin gudunka, ka yi sauri da yawa. Ko gwanayen garin Iten na Kenya, yawancin atisayensu a natse suke yin sa. Sau ɗaya a mako a yi doguwar fita, ana ƙara mata kaɗan-kaɗan, kuma ranar hutu ba ranar asara ba ce, a cikinta jiki ke gyara kansa.

A ranar gasa kuwa, wajen kilomita 30, sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa, ƙafafu su yi nauyi. Don haka tun a atisaye ake koya wa ciki karɓar dabino ko ayaba ana cikin gudu. Ruwa ma da ƙa'ida, domin ɗirkarsa fiye da kima na tsinka gishirin jini, abin da kan kai mutum asibiti.

Ɗan Arewa yana da nasa tarkon. Shirin gasar Fabrairu a hunturu yake faɗowa, lokacin da iska ta bushe, gumi na fita yana bushewa, jiki na sanyaya kansa cikin sauƙi. A Legas danshi ba ya barin gumi ya bushe, sai zafi ya taru, zuciya ta ƙara bugu. Saurin da aka saba yi a Kano ko Jos sai an rage shi a can, musamman a rabin farko. Mai hawan jini ko asma kuwa, musamman da ƙurar hunturu, ya fara ganin likita kafin ya ɗaura takalmi.