Eriyar Alamar Kunnen Dabbobi: Yadda Ake Ƙera Ta da Gwada Ta

Alamar RFID da ake maƙala wa shanu a kunne ba ta da batir. A cikinta akwai ɗan guntun lantarki mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, da kuma eriya, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Idan aka kusanto da na'urar karantawa, eriyar ce ke zuƙo wuta daga gare ta, ta farkar da guntun, sannan ta aika da lambar.

Bisa ƙa'idojin ISO 11784 da 11785, alamar tana aiki a zangon kilohaz 134.2, wanda ruwa da naman jiki ba su cika tare shi ba. Maƙera kan daidaita yawan naɗi da faɗin zagayen wayar da wannan zango. In aka kuskure, nisan karatu ya ragu.

Wajen gwaji, akan auna wannan nisa, wanda ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba, a kuma jarraba alamar cikin zafi da laima, da kusa da ƙarfe.

Ya kamata makiyaya da jami'an ƙananan hukumomi su sani cewa alamar ba ta nuna inda saniyar sata take. Amfaninta shi ne tabbatar da mai ita a kara ko mayanka, muddin an yi wa lambar rajista.