Guguwar Teku: Gaskiya da Ƙarya a Maganar Hasashenta

Lokacin guguwar Tekun Atlantika yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a tsakanin nan jita-jita kan yi yawa, sai dai ba duka ce ƙarya ba.

Maganar cewa guguwar da ke ɓarna a Amurka daga Afirka take tasowa tana da tushe. Da damina, duk bayan kwana uku zuwa biyar, wata igiyar iska kan taso daga wajen Sudan da tsaunukan Habasha, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya ɗauke da hadari, ta faɗa teku ta gaɓar Senegal. Daga irinta mafi yawan manyan guguwa ke farawa. Amma akasarin igiyoyin a hanya suke mutuwa. Sai zafin ruwan teku ya kai wajen digiri 27, iskar sama ba ta yayyaga gajimaren ba, busasshiyar ƙurar Sahara ba ta shaƙe shi ba, sannan hadarin ya soma juyawa. Saboda haka saƙon da ake yaɗawa cewa guguwar teku za ta afka wa Kano ko Maraɗi zance ne kawai: a kan ruwa take samun ƙarfi, kuma yamma ta sa gaba. Iskar da ke yaye kwanon rufi gabanin ruwan sama daban take.

Taswirar nan mai kama da mazurari da Cibiyar Guguwa ta Miami ke fitarwa ita ma ana yi mata mummunar fahimta. Ba girman guguwar take nunawa ba, inda ake sa ran cibiyarta za ta bi ne cikin kwana biyar, kuma kusan sau ɗaya cikin uku takan fita daga ciki. Wanda ya ambaci garin da za ta sauka nan da mako biyu, ƙarin gishiri ya yi.

Hasashen ƙarfinta ya fi na hanyarta wuya. A Oktoban 2023, guguwar Otis ta tashi daga matsakaiciya zuwa mataki na 5, wato mafi ƙarfi, cikin kamar kwana guda, ta rugurguza Acapulco a Meziko, masana ba su zata ba.

Zargin cewa gwamnatoci ke tuƙa guguwa kuwa ƙarya ne. Amurka ta gwada raunana ta da feshin sinadari a shirin Stormfury daga 1962 zuwa 1983, ba ta ga sakamako ba, ta haƙura.